BABI NA UKU: JIGON HUKUNCI DA TUBA A LITTAFIN YUNUSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Hausa, tun daga cikakkiyar fassarar da ta fito a 1932, wadda Dokta Walter Miller ya taka muhimmiyar rawa wajen aikinta, har zuwa wadda aka sake yi a 1979. A wannan babi kuwa za a ɗauki littafi guda daga cikin littattafan annabawa, wato Littafin Yunusa, wanda wasu fassarori suke kira Yunana, a duba yadda aka warware jigon hukunci da tuba a cikinsa.

An zaɓi wannan littafi ne domin ya sha bamban da 'yan'uwansa. Sauran littattafan annabawa, kamar na Ishaya da Amos da Mika, mafi yawansu tarin jawabai ne da aka tsara cikin sigar waƙa. Shi kuwa na Yunusa labari ne na zube, mai tauraro da zubi da tattaunawa, saboda haka ana iya auna shi da ma'aunin da aka saba auna ƙagaggun labarai da shi. Haka kuma Bahaushe, Musulmi ko Kirista, ya san sunan Annabi Yunusa, sai dai abin da ya fi tsayawa a ran mutane shi ne batun kifi. Alhali kuwa littafin yana da babi 4 da aya 48, kuma a cikin aya uku kawai aka ambaci kifin. Abin da wannan babi yake son ya nuna shi ne, babban jigon littafin ba tuban mutanen Nineba ba ne kamar yadda aka saba ɗauka. Babban jigon shi ne rigimar da ta tashi tsakanin annabi da Ubangijinsa a kan janye hukuncin da aka riga aka furta.

3.1 Tushen Labarin

An ambaci Yunusa ɗan Amittai a Littafin Sarakuna na Biyu (14:25) a matsayin annabi daga Gat-hefer, a zamanin Sarki Yerobowam na Biyu na Isra'ila, wato a ƙarni na 8 kafin Miladiyya (K.M.). Nineba kuwa birni ne na ƙasar Assuriya, a gabashin Kogin Dijla, daura da birnin Mosul na Iraƙi ta yau. Assuriyawa ne suka ci Samariya da yaƙi a wajen 722 K.M., suka kwashe mutanenta, daular Isra'ila ta arewa ta mutu daga nan. Sarki Sennakerib ne ya mai da Nineba babban birnin daular, kuma a fadarsa ne aka tono allunan dutse masu sassaƙen yaƙin Lakish na 701 K.M., inda aka nuna ana tsire fursunoni ana kuma feɗe wasu. Allunan suna ajiye a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin in ba haka ba zai ɗauki fushin Yunusa a matsayin taurin kai kawai.

Labarin kansa gajere ne. An aiki Yunusa gabas zuwa Nineba, sai ya gangara Yafa ya shiga jirgin ruwa mai zuwa Tarshish, can yamma. Hadari ya taso, aka jefa shi cikin teku, kifi ya haɗiye shi kwana uku, sa'annan ya amayar da shi. Aka sake aikensa, ya tafi ya yi shela, mutane suka tuba, aka fasa hallaka su, shi kuwa ya fusata.

3.2 Hukuncin da Aka Furta Ba Tare da Sharaɗi Ba

Wa'azin Yunusa gaba ɗayansa (3:4) kalma biyar ne a harshen Ibrananci. Abin da ya ƙunsa shi ne wa'adi na kwana 40, wanda bayansa za a kifar da birnin. Idan aka lura da kyau za a ga abubuwa da dama da aka saba ji a bakin annabawa ba su a ciki. Bai ambaci wanda ya aiko shi ba. Bai faɗi laifin da aka yi ba. Bai ce a tuba ba, balle ya yi alkawarin cewa in an tuba za a tsira. Wanda ya saba da waƙoƙin wa'azi na Hausa zai ji wa'azin nan a gurgunce, domin mawaƙin wa'azi yakan jera tsoratarwa da kwaɗaitarwa ne kafaɗa da kafaɗa, ya siffanta azaba sa'annan ya nuna hanyar kuɓuta. Yunusa ya kawo tsoratarwa ita kaɗai, ya kama bakinsa.

To amma marubucin ya ɓoye hanyar kuɓuta a wurare biyu a cikin shelar. Na farko shi ne wa'adin kansa. Wanda ya ƙudura hallaka ka ba ya ba ka kwana 40, kuma ko a al'adar sarauta, in sarki ya aiko da wa'adi, ma'anarsa ita ce akwai sauran magana. Tsohuwar fassarar Girkanci ta ce kwana uku ne, amma ko ukun ne ma wa'adi ne. Na biyu shi ne kalmar da aka yi amfani da ita, wato “hafak”. Ita ce kalmar da aka yi amfani da ita wajen kifar da Saduma da Gwamrata a Littafin Farawa, amma tana kuma ɗauke da ma'anar juyawa ko sauya hali. Ke nan shelar tana iya nufin za a kife birnin, tana kuma iya nufin birnin zai juya. Yunusa ya faɗe ta da ma'ana ta farko, Allah ya cika ta da ma'ana ta biyu. Kalmar “kife” ta Hausa ta kama ma'anar farko sosai, amma ta saki ta biyu. Da “juya” ko “birkice” aka ɗauka da an fi kusantar tagwayen ma'anar, sai dai kuma kaifin barazanar zai dakushe. Wannan asara ce da babu yadda mai fassara zai guje mata gaba ɗaya.

Ba Littafin Yunusa ne kaɗai ya ɗauki hukunci a matsayin abin da tuba take iya tare shi ba. A babi na 18 na Littafin Irmiya an kai annabi gidan maginin tukwane, ya ga yadda tukunya take lalacewa a hannun magini sai ya sake murɗa yumɓun ya gina wata. Daga nan aka kafa ƙa'ida cewa in Allah ya furta hallaka a kan wata al'umma sa'annan ta bar muguntarta, zai janye, haka kuma in ya furta alheri ta koma ga mugunta, zai janye alherin. Ba a keɓe Isra'ila a wannan ƙa'ida ba, kowace al'umma aka ce. A babi na 26 kuma an ga ƙa'idar tana aiki a gaban shari'a. An kama Irmiya a farkon sarautar Yehoyakim ana neman kashe shi saboda ya yi annabcin rushewar Haikali, sai wasu dattawa suka tashi suka tuna wa jama'a cewa kimanin shekara ɗari kafin nan Mika ya ce za a nome Sihiyona kamar gona, amma Sarki Hezekiya bai kashe shi ba, ya ji tsoron Allah, aka kuwa janye masifar. Abin sha'awa a nan shi ne, ita ma maganar Mika (3:12) ba ta da sharaɗi a fili. Dattawan sun ɗauki rashin cikarta a matsayin nasarar annabin.

Sai dai akwai ƙulli. Littafin Maimaitawar Shari'a (18:22) ya ba da ma'aunin gane annabin ƙarya, wato wanda ya faɗi abu da sunan Ubangiji abin bai faru ba. Idan aka ɗora Yunusa a kan wannan ma'auni, rana ta 41 ta wayi gari ne da shi yana maƙaryaci a idon jama'a. Saboda haka ne wasu malaman Yahudawa na dā suka ce tsoron a kira shi annabin ƙarya yana cikin abin da ya sa ya gudu tun farko. Annabin hukunci yana cikin tsaka mai wuya ke nan: in mutane sun ƙi jinsa maganarsa ta tabbata amma aikensa ya faɗi, in kuwa sun ji shi aikensa ya ci nasara amma maganarsa ta faɗi. A ganin mai wannan nazari, daga wannan ƙulli ne zaren labarin gaba ɗaya ya taso.

3.3 Kalmomin Tuba da Matsalarsu a Hausa

A aya uku na ƙarshen babi na 3 (8 zuwa 10) kalmar “shub” ta fito sau huɗu. Asalin ma'anarta shi ne juyowa ko komowa. Sau biyu an jingina ta ga mutanen Nineba, cewa su juyo daga muguwar hanya, sau biyu kuma ga Allah, cewa ko zai juyo daga zafin fushinsa. Marubucin ya gina wurin ne kamar mutum biyu da suka ba juna baya, ɗaya ya juyo sai ɗayan ma ya juyo. Kalmar “tuba” da Hausa ta aro daga Larabci ita ma asalinta komowa ne, kuma Larabci yana jingina ta ga bawa da ga Allah duka, har a cikin sunayen Allah akwai Attawwabu. Hausa kuwa da ta aro kalmar sai ta tsuke ta. Bahaushe ba ya cewa Allah ya tuba, sai dai ya ce Allah ya karɓi tuba. Ta haka daidaiton nan na juyowa da juyowa yakan ɓace wa mai karatun Hausa.

Akwai kuma wata kalma, “niham”, wadda aka jingina ga Allah sau uku (3:9, 3:10 da 4:2). Tana ɗauke da ma'anar jin zafin abu a zuci har a sauya niyya. Ba za a ce “nadama” ko “da-na-sani” ba, domin waɗannan suna nuna kuskure da rashin sanin gobe, kuma shi kansa Littafi Mai Tsarki ya kore wa Allah irin wannan a Littafin Ƙidaya (23:19). “Fasa” ta dace da aikin amma ba ta da motsin zuciya, domin mutum yana iya fasa tafiya don ruwan sama kawai. “Huce” ta kama saukar fushi amma ba ta nuna janye hukunci ba. A ra'ayin mai wannan nazari babu kalma guda ta Hausa da za ta ɗauki nauyin, sai an haɗa tausayi da fasawa.

Matsala ta uku ta fi waɗannan ɓoyuwa. A bakin Hausawa “ya tuba” tana iya nufin mutum ya bar addininsa ya shiga wani, daga nan ne aka sami “tubabbe”. Mai karatu zai iya zaton mutanen Nineba sun shiga addinin Yunusa ne. Nassin bai faɗi haka ba. Ba a ce sun farfasa gumaka ba, ba a ce sun yi kaciya ba. Ko sunan Allah da aka sa a bakinsu na gama-gari ne, wanda fassarar 1979 take kawowa da “Allah”, ba keɓaɓɓen sunan nan da take kawowa da “Ubangiji” ba. Abin da sarki ya umarce su da bari shi ne muguwar hanya da zaluncin da ke hannuwansu, abin da Allah ya duba kuma (3:10) shi ne ayyukansu. Ba a ce ya dubi azuminsu ko tufafin makokinsu ba, duk da cewa marubucin ya ɓata lokaci wajen siffanta su. Tuban da ya tare hukunci a nan shi ne ɗauke hannu daga zalunci.

3.4 Tauraron da Bai Juyo Ba

Salon da ya fi fitowa fili a littafin shi ne na kwatanta tauraro da waɗanda ke kewaye da shi, kuma a kowane kwatanci shi ne yake kwana ƙasa. A cikin jirgi, matuƙa masu bautar gumaka suna addu'a suna zubar da kaya, annabi yana can ƙasa yana sharar barci, har sai da shugaban jirgi ya tashe shi ya ce ya roƙi Allahnsa. Da ƙuri'a ta faɗa kansa ya ce a jefa shi a ruwa, ba su yi gaggawa ba, sai da suka yi ta tuƙi don su kai shi gaci. Su suna neman ceton ran baƙo guda, shi ya gwammace nutsewa da ya je ceton birni guda.

A babi na 3 kuma marubucin ya kambama tuban Nineba har ya kusa zama abin dariya. Birnin tafiyar kwana uku ne, Yunusa ya yi ta kwana ɗaya kawai, amma kowa ya gaskata. Talakawa ne suka fara azumi tun kafin labari ya kai fada. Sarki ya sauka daga gadon sarauta, ya tuɓe alkyabba, ya zauna cikin toka. Aka yi shela cewa har shanu da tumaki kada su ci kada su sha, a kuma yafa musu tufafin makoki. Sarkin bai ma yi da'awar cewa lalle za a gafarta musu ba, cikin sigar wataƙila ya yi magana, irin wadda aka samu a Littafin Yowel (2:14). Wannan kambamawa da gangan aka yi ta. Irmiya ya shafe kimanin shekara 40 yana wa'azi a Urushalima, abin da ya samu shi ne duka da turu da jefawa cikin rijiya, har Sarki Yehoyakim ya yayyanka littafinsa ya ƙona. Bayahuden da ya san wannan, in ya karanta yadda arna suka miƙa wuya da kalma biyar, ya san da shi ake.

Sai a dubi addu'ar da Yunusa ya yi a cikin kifi (babi na 2). Mutane da yawa suna ɗaukar ta addu'ar tuba, amma in aka bi ta aya bayan aya ba za a sami inda ya amsa laifi ba. Waƙar godiya ce ta wanda aka tsamo daga ruwa. Ya ce Allah ne ya jefa shi cikin zurfi, bai ambaci gudun da ya yi ba. Har ya sami sukunin sukar masu bautar gumaka, alhali mai karatu ya riga ya ga waɗannan masu gumaka suna miƙa hadaya ga Ubangiji a kan jirgi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. A nan akwai bambanci babba da yadda Alƙur'ani ya kawo ƙissar, domin a Suratul Anbiya (aya ta 87) Annabi Yunusa ya amsa laifinsa a fili cikin duhu, kuma wannan amsawa ita ce sanadin tsirarsa. Mai karatu Bahaushe da ya taso da waccan ƙissa yakan shigo da amsa laifin cikin wannan nassi ba tare da ya lura ba, kuma yin haka yana rushe ginin marubucin, wanda ya so a ga an ceci annabin ba don ya tuba ba.

A babi na 4 ne Yunusa ya fasa ƙwai. Ya ce dalilin gudunsa shi ne ya san Allah mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi. Siffofin da ake yabon Allah da su, su ne ya jero a matsayin ƙara. An ɗauko jerin ne daga Littafin Fitowa (34:6), amma a can jerin ya haɗa da gaskiya, a nan kuwa an cire ta an sa janye masifa a gurbinta. Sunan mahaifinsa, Amittai, daga tushen kalmar gaskiya ya fito a Ibrananci. Kamar dai ɗan gaskiya ne yake cewa jinƙai ya cinye gaskiya.

Allah bai amsa masa da hujja ba, sai da aiki. Ya tsiro masa da wata shuka ta yi masa inuwa, washegari tsutsa ta cinye ta, iskar gabas mai zafi ta taso, Yunusa ya roƙi mutuwa. Ita wannan shuka ta daɗe tana wahalar da masu fassara. Wasu sun ce duma ce, wasu sun ce zurma ce, wadda ake kira cika-gida, kuma a farkon ƙarni na 5 na Miladiyya sai da jama'ar wata majami'a a birnin Tarabulus na Libiya ta yau suka yi bore saboda Jerom ya sauya sunanta a fassararsa ta Latin. Ko wace ce dai, aikinta a labarin shi ne ta sa Yunusa ya ɗanɗani hukunci a jikinsa. Daga nan aka rufe littafin da tambaya: in shi yana jin tausayin shukar da bai yi wahalarta ba, yaya Allah ba zai ji tausayin birni mai mutum fiye da 120,000 da dabbobi masu yawa ba? Abin lura shi ne, a wannan tambaya ba a ambaci tuban mutanen Nineba ko sau ɗaya ba. Dalilin da aka bayar shi ne jahilcinsu, cewa ba su san dama da hagu ba, da kuma kasancewarsu halitta. Babi na 3 ya ɗora tsira a kan tuba, babi na 4 ya zame ya ɗora ta a kan tausayin mahalicci. Wannan ba saɓani ba ne, amma giɓi ne, kuma marubucin bai cike shi ba. Ba a kuma ba Yunusa damar amsawa ba.

3.5 Abin da Littafin Bai Amsa Ba

Duk da gwanintar zubinsa, akwai inda littafin ya yi wa kansa sauƙi. Muguntar Nineba an ambace ta ne a dunƙule, ba a nuna ko mutum ɗaya da aka zalunta ba. Da an sa gwauruwar Samariya guda a cikin labarin, da tambayar ƙarshe ba ta yi sauƙin amsawa haka ba. Tuban ma babu maganar mayar da haƙƙi a cikinsa, alhali Ezekiyel (33:15) ya sa mayar da jingina da biyan abin da aka ƙwace a cikin alamomin tuban mugu.

Muryar da Littafin Yunusa ya danne ita ce aka sake wa baki a Littafin Nahum. An yi annabcin Nahum tsakanin faɗuwar birnin Tebes na Masar a 663 K.M., wadda ya ambata, da faɗuwar Nineba a hannun Babilawa da Mediyawa a 612 K.M. Babi uku ne, babu wa'adi, babu kiran tuba, sai siffanta karusai da gawarwaki. Shi ma Nahum ya ɗebo daga wancan jeri na Littafin Fitowa, ya ambaci jinkirin fushi (1:3), amma sai ya ɗauki ɓangaren da Yunusa ya bari, wato cewa ba za a ƙyale mai laifi ba. Shi ma da tambaya ya rufe, sai dai tasa tambayar a madadin waɗanda aka zalunta ya yi ta, yana neman a nuna masa wanda muguntar Assuriya ba ta taɓa ba. A tsarin fassarar Girkanci Nahum ne yake bin Yunusa kai tsaye, a tsarin da fassarar Hausa ta bi kuwa Mika ne ya raba su.

Mafi yawan manazarta na zamani suna ganin an rubuta Littafin Yunusa ne bayan dawowa daga bautar Babila, wajen ƙarni na 5 ko na 4 K.M., saboda kalmomi masu tasirin Aramanci da ke cikinsa da kuma yadda aka yi maganar girman Nineba kamar abin da ya shuɗe (3:3), ko da yake akwai masu riƙe da cewa tun ƙarni na 8 ne. Idan ra'ayin farko ne daidai, to masu karatunsa na fari sun san abin da ya biyo bayan gafarar: zuriyar waɗanda aka yafe wa ce ta rushe Samariya, daga baya kuma aka kife Nineba da ma'anar da Yunusa ya so tun farko. Mai karatun da ya san wannan ba zai yi saurin yi wa mutumin da ke zaune a bukka gabas da birni dariya ba.